Dokin Ƙofar Goggo Tumba

Dokin ƙofa mafi tsayi da na taɓa gani a ɗakin kwana, a Diggi na gan shi, cikin ƙasar Kalgo. Ya kusa kai mini gwiwa, kuma ni ba gajere ba ne. A bayansa akwai wata tsohuwa, Goggo Tumba, wadda ta daɗe ba ta fita ɗakinta sai an ɗauke ta kamar buhu. Ta riga ta faɗi a kansa sau ɗaya ta karya hannu, kuma kowa a gidan ya san in ta sake faɗuwa ba lallai ta tashi ba.

Ku nake ba wa labarinta, ku samarin da ke zuwa rumfata a Gwandu kuna cewa in koya muku gini kafin Sallah. A ganinku sana'ar nan jera bulo ce da shafa siminti. Wani ma yana riƙe da waya a hannu ɗaya, cokalin gini a ɗaya, yana tambayata yaushe zai fara karɓar kwangila. Bango kowa na iya tayar da shi. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin wanda zai zauna a cikin ɗakin, da inda ruwa zai bi in hadari ya sauka.

Sunana Labbo. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Baba Arzika, maginin ƙasa, mutum siriri mai ƙarancin magana. Na yi damina da rani masu yawa a hannunsa ban taɓa bango ba. Aikina kwaɓa ƙasa da ƙafa, a zuba ciyawa a tattake, a bar ta ta kwana, a sake tattakewa, har dugadugaina suka tsattsage. Daga nan sai dunƙula tubali da shanya shi. Daga nan sai jifa: Baba yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, ni ina ƙasa ina cilla masa tubali ɗaya-ɗaya yana cafewa. In tubali bai yi masa ba, ba ya faɗa. Sakinsa yake yi ya fashe kusa da ƙafarka, kai kuma ka je ka nemi laifinka da kanka.

Abu biyu yake yi da mutane ke yi masa dariya a kai. In aka kira shi aikin sabon gida, yakan so ya ga filin ana ruwa. Sai ya tsaya da malafarsa, ruwa na dukansa, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Na biyu, ba ya yanke tsayin dokin ƙofa, wato ɗan tudun nan da ake ginawa a gindin ƙofa don ya tare ruwa, sai ya kira wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Ya ajiye tubali a ƙasa ya ce a ƙetare. In tsohon ya wuce bai dafa komai ba, to. In ya nemi abin dafawa, Baba ya rage tsayi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, “Yaro shina tsallake komi. Ɗaki na mai shekaru na.”

Da siminti da kwano suka shigo na bi su, don maginin da ya ƙi zamani yunwa ce za ta zauna masa a gida. Na sayi cokalin gini da kwanon sarki da igiya, da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki wanda muke gwada daidaiton ƙasa da shi. Har yau na fi yarda da tiyon a kan idona, kuma idona bai taɓa jin haushin haka ba. Daga baya tayil ya zo, kowa na son gidansa ya yi ƙyalli.

Akwai wani gida da na yi wa tayil a nan Gwandu, na wani dattijo da ya yi aikin gwamnati ya huta. 'Ya'yansa suka aiko da tayil daga birni, fari tas, kana ganin fuskarka a ciki. Muka shimfiɗa shi ko'ina har banɗaki, mu kanmu muna alfahari da aikin, don a lokacin ba wanda ke tunanin santsi. Bai shekara ba dattijon ya zame yana alwala, ƙugunsa ya karye. Kafin la'asar yana asibiti a Birnin Kebbi. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe, ya dawo gida yana takawa da sanda. Kafin ma ya dawo an kira ni na ɓamɓare tayil ɗin, na sa mai kaushi, na kafa ƙarafan dafawa a bango. Ya yi shekaru bayan haka yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Don haka kada wani ya ce muku mai hali ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa. Sai dai sana'ar nan ta shigar da ni gidaje da yawa, na manya da na talakawa, kuma na ga inda tsofaffi suka fi zubewa. A gidan da babu, makewayi dutse biyu ne a kan laka mai gansakuka. Ɗaki ba taga, tsohuwa na lalube da rana tsaka. Silifas ya cinye ya koma kamar takarda, ido ya yi yana ba a kai shi an duba ba, cikin ma sau da yawa ba komai, ga shi dole ta fita neman na cefane ko da shekarunta sun ce ta zauna. In ta faɗi, mai ɗori ne iyaka. In hannu ne ya ɗora. In ƙugu ne sai tabarma, kuma tsohon da ya kwanta a tabarma da karyayyen ƙugu ba ya cika ganin wata damina.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce ta babbar ambaliyar da ta ci ƙauyukan Kalgo. Mutane na cewa ai shekarar magina ce, tunda gidaje sun zube. Ba haka ba ne. Ruwan da ya ci ɗaki shi ya ci shinkafar da za a sayar a gina wani. Ramukan da muke haƙar ƙasa suka cika, siminti ya yi tsadar da ko tambaya ba a yi, na zauna wata da watanni kayan aikina na tsatsa a buhu. Har ƙwadagon yankan shinkafa na yi a gonakin da suka tsira, ni da nake da masu yi mini aiki. Ban ji kunya ba, amma na ji haushi ƙwarai.

Da rani ya kama mutane suka fara tayar da ɗakuna, a nan ne kuma aka rabu gida biyu. Mai hali ya kira tifa ta zuba masa jar ƙasa, ya cike gidansa gaba ɗaya har ya fi hanya tudu. Wanda ba shi da hali ya tayar da ɗakinsa da hannunsa a cikin kwarin da yake, abin da kawai zai iya yi wa ruwa shi ne ya ƙara wa dokin ƙofa tsayi. Ruwan da ya bar gidan mai tudu kuwa ba sama yake komawa ba.

Aikin da ya kai ni Diggi na Alhaji Mode ne, ɗan kasuwar shinkafa, mutum mai fara'a da kyauta. A rani na biyu bayan ambaliyar ne. Ya riga ya cike gidansa ya zagaye shi da katangar bulo, ni ɗaki ya kira ni in gina wa mahaifiyarsa. Na yi mata yadda ya kamata: ƙofa mai faɗi, tagogi, banɗaki a jikin ɗakin, dokin ƙofa da bai wuce kaurin tafin hannu ba. Hajiya da kanta ta zo ta ƙetare bulon gwaji, jikoki na riƙe da ita ta kowane gefe.

Cikin leburorin da Alhaji ya haɗa ni da su akwai Gado, magidanci, maƙwabcinsa ta bayan katanga. Ƙarfi gare shi kuma ba ya wasa da aiki, sai dai kullum in hantsi ya yi sai ya ajiye kwano ya ɓace, haka kafin azahar, haka kafin la'asar. Siminti kuwa ba ya jiran kowa. Ran da kwaɓi ya bushe mini a ƙasa saboda shi, na tare shi.

“Gado, in kana da wani aiki wani wuri, hwaɗa mani in nemi wani.”

Ya sunkuyar da kai. “Ba aiki na ba, Baba Labbo. Inna nika zuwa in hiddo.”

“Ka hiddo ta daga ina?”

“Daga ɗaki. Ba ta iya ƙetare ƙohwa. Matata kuwa ciki gare ta, ba ta iya ɗaukar ta.”

Na ce ya kai ni in gani.

Gidan Gado ba shi da zaure, darnin kara ne ya maye gurbin katangar da ruwa ya ci. Da shigarka sai ka ji kana gangarawa. Tsakar gidan kwari ce, katangar Alhaji kuma ta tsaya daidai inda ruwa ke bi a da ya sauka fadama. A jikin ɗakuna ga zanen inda ruwan bara ya tsaya. Muka yi sallama a ƙofar ɗakin tsohuwar, na ɗaga ƙafa na ƙetare da ƙyar. Sai da idona ya saba da duhu na hango ta zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, hannun damanta a ɗan karkace inda aka yi ɗori.

“Inna, ga maginin Alhaji, mutumin Gwandu,” in ji Gado.

“Gwandu? Ku da karatu munka san ku. Yaushe kunka koyi gini?”

Na ce, “Goggo, tun da munka ga ku Kabawa kun kasa.”

Ta yi dariya har da tari. Nan take na ji ina sonta.

Daddawa take yi a da, duk unguwar a wurinta ake saye. Da damina ta sauka ruwa ya fara taruwa a gidan, Gado ya ƙara wa dokin ƙofar tsayi, ruwa ya ƙaru, ya sake ƙarawa. Ita kuwa ta ƙirƙiro dabararta: ta zauna a kai, ta juyo da ƙafafu waje ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya wurin a jiƙe, ga ƙwarya a hannunta, ta sulluɓe ta faɗa kan hannun. Tun daga ranar Gado ya hana ta gwadawa, daddawar ma ta tsaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne moɗar ruwan da ke gefenta. Ana tsakiyar zafin bazara, leɓɓanta sun bushe, amma moɗar cike take.

“Goggo, ba ki shan ruwa?”

“In na sha, sai hita,” in ji ta. “In hita, sai an kira Gado daga wurin aiki. A kira shi yau, a kira shi gobe, wa za ya ɗauke shi jibi? Ina dai jiƙa baki.”

Gado ya kau da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Tsohuwar da ba ta shan ruwa jiri ke ɗibarta in ta miƙe, wadda ba ta takawa kuma ƙafarta mutuwa take yi a hankali. Tudun da aka gina don ya tsare ta shi ke shirya mata faɗuwa ta biyu.

Da muka fito na ce, “Gado, dokin ƙohwar ga sai an sare shi.”

“In an sare shi ruwa shi shiga, Baba Labbo. Ɗakin ga na ƙasa na. In gindinai ya jiƙa, bisa kanta za ya zube.”

Gaskiya ya faɗa. Wanda bai san gini ba zai ɗauki diga ya rushe tudun ya tafi yana jin ya yi aikin lada, ruwan farko ya kashe tsohuwar. Washegari na zo da tiyona na auna tsakar gidan lungu-lungu. Ƙasar duk ta karkata ne zuwa gindin katangar Alhaji, a bayan katangar kuma, in ka wuce turken dabbobinsa, gangara ce har fadama. Abin da ake bukata kafar ruwa ce a gindin katangar da lambatu ta bayan gidansa. In ruwa ya sami hanya, dokin ƙofa ba shi da sauran aiki.

“Ka taɓa hwaɗa ma Alhaji?” na tambayi Gado.

Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari hakimi. “Ni? Ƙasar da anka cike gidanai da ita, ni na baje ta da cebur. Abincin gidana daga hannunai yaka hitowa. Ubana ma gonar ubanai ya yi ma aiki. In tashi in ce mashi katangarka ta cuce ni?”

Kun san yadda muke. Ƙarami ba ya kai kuka a kan babba da bakinsa, sai dai ya sami wanda zai kai masa, in bai samu ba ya haɗiye. Ni baƙo ne. In na gama aiki mota zan hau in koma Gwandu, abin da zan rasa bai wuce aikin gaba ba. Na ce ya bar mini maganar.

Na sami Alhaji da safe a dakalin ƙofar gidansa, na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa. Ya girgiza kai, kuma na ga abin ya taɓa shi.

“Goggo Tumba? Ai ta goya ni ina yaro. Don mi Gado bai hwaɗa mani ba?”

Nan take ya sa aka kai mata shinkafa da madara, ya kuma aika Kalgo aka sayo mata sanda mai roba a gindi. Da na dawo kan maganar kafar ruwa sai ya gyara zama.

“Magini, katangar ga sabuwa ta. In an huda ta, ruwan unguwa duka ta cikin dabbobina za ya bi. Kuma in na buɗe ma Gado, na bayanshi ma za su zo. A bari damina ta wuce mu gani.”

Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Shinkafar ta isa, sandar ma ta isa. Goggo ta jujjuya ta, ta ce kyakkyawa ce, ta jingine ta a bango, don sanda ba ta ɗaga ƙafar tsohuwa zuwa gwiwa. Ni kuwa na san abin da wata damina a cikin ɗakin nan ke nufi. Ko dai ƙafar ta mutu gaba ɗaya, ko wata rana ta gaji da jira ta gwada fita ba kowa a gida.

Ban bar shi ba. Kullum in na gaishe shi da safe sai na ƙarasa da maganar, har ya fara yi mini dariya yana cewa, “Magini, kai da Goggonka.” Ɗakin Hajiya ya kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ni kuwa ban matsa daga inda nake ba. Sai na koma gidan Gado da diga, na tone gindin katangar ta ɓangarensa. Abin da nake zato shi na tarar. Shafen ya ɓare, bulon ƙasa ya yi laushi, ga wani siririn tsagu ya fara hawa. Na je na roƙi Alhaji ya zagayo ya gani. Tunda aka gina katangar bai taɓa kallonta ta wannan gefen ba.

Ya shigo yana tattare riga. Na soka bakin cokalin gini a jikin bulon, ya shige.

“Alhaji, ruwan da ka tare bai tahi ko'ina ba. Nan yaka kwana, jikin katangarka. In an bar shi haka, kwanciya za ta yi, kuma wajen dabbobinka za ta kwanta.”

Ya tsuguna, ya murza bulon da yatsa, ya ga yana zuba. Bai miƙe ba ya ce, “A huda. Mi kaka bukata?”

Ƙarya ban yi masa ba, katangar na cikin haɗari. Amma har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Na yi ta maganar ƙafar mutum ana ce mini a bari, na yi maganar gindin bulo sau ɗaya aka ce a huda. Kafin ya fita ya leƙa ɗakin Goggo ya gaishe ta da ladabi, ita kuma ta sa masa albarka saboda sandar.

To ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku ji yadda ake huda katanga. Ba ka fasa ta hakanan, sai ka tokare na sama da ƙarfe tukuna, in ba haka ba ta zauna a kan ramin ta tsage. Bakin kafar a sa masa rodi don kada akuya ta zura kai. Lambatun kuma gangararsa sai an auna da tiyo taki-taki: in ta yi kaɗan ruwa ya kwanta, in ta yi yawa ya yi gudu ya cinye ƙasar da ke ƙarshe, don haka can ma sai an jera duwatsu. Ƙasar da muka haƙo daga lambatun muka kwaso ta muka cike ramukan tsakar gidan Gado, muka aske tuddan, har ko'ina ya fuskanci kafar. Da muka gama na ɗauki diga na nufi ɗakin Goggo. Gado ya sha gabana.

“Baba Labbo, ka yi haƙuri. Sai na ga ruwa ya bi ta nan da idona.”

Ban yi masa musu ba, uwarsa ce. Aikin Alhaji ya ƙare, amma ban koma Gwandu ba. Na karɓi wani ɗan aikin shafe a Kalgo wanda a da ko kallonsa ba zan yi ba, don dai in kasance kusa. Ran da ruwan kirki na farko ya sauka, da hantsi ne. Na ajiye cokali na tare mai kabu-kabu, ya ce ba ya zuwa Diggi cikin wannan ruwa, na ce to ya ba ni babur ɗin in tuƙa shi ya zauna a baya. Ya ga da gaske nake, ya tayar.

Na isa a jiƙe sharkaf, na tarar da Gado tsaye a tsakar gida ruwa ya kai masa idon sawu yana ƙaruwa. Muka ruga bakin kafar, ashe karan darni ne da ganye suka toshe rodin. Gado ya zura hannu ya kwashe. Sai muka ji ruwan ya ja, ya fara juyawa, ya bi ta ramin da ƙara. Muka tsaya muna kallonsa. Kafin a ɗauke ruwan tsakar gidan ta koma laka kawai, danshin da ya taɓa dokin ƙofar Goggo bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Gado ya shiga ɗakinsa ya ɗauko diga ya miƙo mini da kansa.

Da ƙasa ta sha iska muka sare shi. A jikin saran kana ganin ƙari bisa ƙari, kowace ƙasa da launinta, yadda Gado ya yi ta ɗorawa duk lokacin da ruwa ya tsorata shi. Na bar ɗan abin da zai tare feshi. A gaban ƙofar na yi shimfiɗa mai faɗi da gangara a hankali, ƙasa da tsakuwa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, matan maƙwabta suka zo da madaɓai suka daɓe ta, na hana su goge ta ta yi santsi. Na kafa turken ƙirya a gefen hagu, tunda hannun daman ne ya karye. Na kuma huda mata 'yar taga, ko ba komai ta ga inda take sa ƙafa. Babu wani abu mai tsada a cikin aikin nan duka. Abin da ya yi tsada shi ne samun wanda zai ce a yi.

Ran da daɓen ya bushe na zo da safe. Matar Gado ta shimfiɗa tabarma a inuwar darni, ta ce mana Inna tun ɗazu ta sa a ciro mata zanenta na ƙasan akwati da mayafi. Muka ɗauka murnar fita ce. Ta bayyana a bakin ƙofa, sandar nan a hannu. Gado ya miƙa mata hannu.

“Kauce,” in ji ta.

Ta kama turken. Ta ɗaga ƙafa sama, can sama, kamar tudun na nan, ta sauke ta da ƙarfi a kan daɓen, jikinta ya yi gaba. Amma ba ta saki turken ba, ta daidaita, ta tsaya tana haki.

“Ƙahwar ga ba ta san an sare shi ba,” ta ce. “Ku jira ta.”

Ta juya ta koma ciki. Ta fito. Ta sake komawa, ta sake fitowa, kowane karo ƙafar na ƙara sauka, har ta zo tana wucewa kamar kowa. Gumi na zuba mata, ba wanda ta bari ya taɓa ta. Muka ɗauka yanzu za ta nufi tabarma. Sai ta wuce tabarmar ta nufi ƙofar darni.

“Inna, ina za ki?” in ji Gado.

“Gidan Kulu.”

“Inna, Kulu ai…”

“Na sani. Ina ɗaki na ji ana wucewa da ita. Tare anka kawo mu garin ga amare. Ka ce ka goya ni in je, na ƙi. Ba ni zuwa gaisuwar Kulu bisa bayan mutum.”

Muka bi ta a baya, ni da Gado. A hanya ya gaya mini a hankali cewa Kulu a ƙofar ɗakinta ta faɗi bayan damina, ita ƙugu ta karya, ba ta ga ƙarshen rani ba. Gidan ba nisa, amma Goggo ta tsaya ta huta a jikin katanga, ta sake tsayawa a gindin wata bishiya, mata na leƙowa suna kiran sunanta tana ɗaga musu sanda. Da ta isa ƙofar gidan ta tsaya ta gyara mayafi, ta share fuska da gefensa.

“Salamu alaikum,” ta ce da ƙarfi. “Tumba ta. Na zo gaisuwa. Ku yi haƙuri, na makara.”